Yadda Ake Tsara Tseren Awa 24 na Le Mans: Mai, Taya, Direba da Gareji

Ƙa'idar tseren Le Mans na ƙasar Faransa, wanda aka fara a 1923, ita ce: motar da ta fi cin nisa cikin awa 24 ita ce zakara. Ana yin sa a watan Yuni, a tashi ƙarfe 4 na yammacin Asabar agogon Faransa, wato ƙarfe 3 a Najeriya da Nijar, a tsaya ƙarfe 4 na yammacin Lahadi. Zagaye ɗaya kilomita 13.626 ne, kuma wani babban sashe na hanyar titin jama'a ne da manyan motoci ke bi a sauran kwanakin shekara. Motar Chenard & Walcker da ta ci tseren farko kilomita 2,209 ta yi. Audi ta 2010 ta yi zagaye 397, kilomita 5,410, kuma har yau ba a wuce wannan ba.

Gudu kaɗai ba ya ba da nasara a nan. A 2010 ɗin ma motocin Peugeot huɗu sun fi Audi gudu, amma ba wadda ta kai ƙarshe: uku injinsu ya fashe, ɗaya ƙafarta ta karye. Don haka mai tsara tsere abin da yake ƙirgawa shi ne mintocin da motarsa za ta yi a tsaye, da yadda zai rage su.

Fara da lissafin mai

Manyan motocin yanzu, ajin da ake kira Hypercar, suna yin zagaye a kusan minti 3 da daƙiƙa 30. Da ba a tsayawa, awa 24 za ta ba da zagaye 411. Ferrari da ta ci a 2025 zagaye 387 ta yi. Ratar nan ta tafi ne a shan mai, sauya taya da lokutan da aka tilasta wa kowa rage gudu.

Cikin tanki ɗaya yana kai mota zagaye 12 ko 13, kimanin minti 42 zuwa 45. Wannan shi ne zango, kuma da shi ake auna komai. A ajin Hypercar ba litar mai kawai ake dubawa ba. Masu shirya tseren suna yanka wa kowace mota ƙarfin da za ta kashe a zango guda, wajen megajul 900 (megajul ma'aunin ƙarfi ne), kuma akwai na'ura a jikin sandunan da ke juya taya tana ƙirgawa. Wanda ya zarce, hukunci ne, ko da akwai sauran mai a tanki.

Ga misalin lissafin. Ka ɗauka za a yi zagaye 385. A zango mai zagaye 12, zango 32 ke nan da ɗan saura. A mai zagaye 13, zango 30 ya isa. An tsira da cikakkiyar tsayawa biyu, ban da 'yar kurɓar da ɗan sauran nan zai jawo, kuma kowace tsayawa tana cin minti ɗaya da ɗoriya. Amma zagaye na 13 ba kyauta ba ne: sai direba ya riƙa ɗaga ƙafa daga totur tun kafin wurin taka birki, ya bar mota ta gangara da kanta. Idan hakan yana cin kashi 3 cikin 10 na daƙiƙa a kowane zagaye, an yi asarar daƙiƙa 115 a tseren, an samu kusan 150, akwai riba. Idan ya kai rabin daƙiƙa, asarar ta haura 190, sai a haƙura da tsimi a taka mota. A yi wannan awon tun ranar gwaji, a kan kowane direba daban, domin ƙafar wani ta fi ta wani shan mai.

Daga nan sai a juya lissafin, a faro daga ƙarfe 4 na Lahadi a dawo baya. Abin gudu shi ne a wayi gari saura zagaye 2 a gama mai ya ƙare, a shigo don 'yar kurɓa. A 2024 ƙofar Ferrari mai lamba 50 ta ƙi rufuwa, aka tilasta mata shigowa ba a kan lokacinta ba, tsarin zangonta ya goce. Sai da Nicklas Nielsen ya ja zangon ƙarshe da tsimi, ya ƙetare layi da saura kashi 2 cikin ɗari na ƙarfin da aka yanka masa, Toyota na bayansa da daƙiƙa 14.

Taya

Motar Hypercar tana da tayoyin busasshiyar hanya 56 a tseren, saiti 14 ke nan, ga zango kusan 30. Dole kowane saiti ya yi zango biyu aƙalla, wasu uku. Dama ko babu wannan iyaka ba a son yawan sauyawa, tunda doka ta hana a taɓa taya ana zuba mai, sai an cire tiyo. Duk sauyin taya ƙarin daƙiƙu ne a kan tsayuwar.

Lokacin jan taya shi ne dare. Kwalta ta huce, roba ba ta saurin cinyewa, ana iya sa mai laushi a yi zango uku ko huɗu da ita. Da rana tsaka ta Lahadi kuwa, mai laushin nan za ta yi zafi ta fara santsi tun kafin zango ya raba. A 2011 Benoît Tréluyer ya yi zango biyar da saiti ɗaya a Audi, kuma daƙiƙa 13.8 ce ta raba su da Peugeot a ƙarshe.

Abubuwa biyu ke kayar da tawaga a nan. Na farko sabuwar taya mai sanyi. Yanzu an hana ɗumama taya kafin a ɗaura, don haka zagayen farko bayan fita daga gareji, musamman da asuba, mota ba ta kama ƙasa. A gaya wa direba a rediyo cewa sababbi aka sa masa, kada a ɗauka ya lura. Na biyu ruwan sama. Hanyar tana da tsawon da za a iya tafka ruwa a kwanar Mulsanne alhali gaban gareji ƙura ke tashi. Tayar ruwa a busasshiyar kwalta zagaye kaɗan take yi ta ƙone. Idan ruwan a yanki ɗaya yake, yawanci gara a lallaɓa da tayar da ake kai.

Idan an yi faci, kada a dogara da kwamfuta kaɗai. A 2019 Toyota mai lamba 7 tana gaba, saura kusan awa ɗaya, na'ura ta nuna tayar gaba ta dama ce ta sace. Aka sauya ta kaɗai, ashe ta baya ce. Motar ta sake zagaye guda a hankali ta dawo, nasara ta koma ga 'yar'uwarta mai lamba 8. Wanda ke da rata a hannu ya sauya huɗun gaba ɗaya.

Rabon tuƙi

Direbobi uku ne a kowace mota. Ba wanda zai wuce awa 14 a jimilla, kuma ba wanda zai yi fiye da awa 4 cikin kowace awa 6. A 1952 Pierre Levegh ya tuƙa Talbot shi kaɗai kusan awa 23, yana kan gaba injin ya mutu a hannunsa. Yau doka ba za ta bari ba.

Awa 4 cikin 6 ɗin nan ita ce tarko, domin awa shidan ba ta da mafari, tana tafiya da agogo. Direban da ya yi zango huɗu ya ci kusan awa 2 da minti 50. In ya huta awa ɗaya da rabi aka mayar da shi, awa 1 da minti 10 kawai ta rage masa, ba ta kai zango biyu ba. Lokacin da aka ɓata a bayan motar tsaro, wato motar masu shirya tsere da ke shiga gaba ta rage wa kowa gudu in an yi haɗari, shi ma yana cikin lissafi. A ware mutum ɗaya wanda ba shi da aiki sai riƙe wannan jadawalin.

A watan Yuni rana tana faɗuwa a Le Mans wajen ƙarfe 10 na dare, ta fito wajen 6, duhun bai wuce awa 8 ba. A ba wanda ya fi gogewa tsakar dare. A kuma kula da faɗuwar rana, domin daga kwanar Mulsanne zuwa kwanar Indianapolis yamma ake fuskanta, rana tana shiga ido ga gilashi ya yi maiƙo da ƙwari. Shi ya sa ake liƙa ledoji masu haske a gilashin gaba, ɗaya kan ɗaya, a riƙa yage na sama a gareji. A ajujuwan da doka ta sa a haɗa da direban da ba sana'arsa ba ce, yana da awa 6 da dole ya cika. A ba shi rabonsa da rana, ko lokacin da kowa ke tafiyar hawainiya.

Tsayawa a gareji

Iyakar gudu a layin gareji kilomita 60 ce a awa. Direba ya tsaya daidai kan alamar da aka zana, in ya zarce tiyon mai ba zai kai ba sai an turo mota baya. A kashe inji, a maƙala wayar da ke sauke wutar jiki zuwa ƙasa don kada tartsatsi ya tashi, sannan a sa tiyo. Ana zuba mai ake sauya direba, a goge gilashi da fitilu, a cire tarkacen roba daga bakin lagireto. An cire tiyo, sai a ɗaga mota da jak ɗin iska da ke jikinta, makanikai huɗu su sauya taya, a sauke. Da kanta za ta tashi, ba a turawa.

Gyaran da ya wuce na 'yan daƙiƙu, a ja mota cikin gareji inda hannaye da yawa za su iya taɓa ta. Kuma kada a yi saurin rufe ƙofa. A 2017 Porsche mai lamba 2 ta shafe sama da awa ɗaya ana sauya mata injin lantarkin gaba, ta fito tana baya da zagaye 18, kuma ita ta ci.

Abin da ke lalacewa

Birki yana shan wahala iri biyu: ya huce sarai a miƙaƙƙiyar hanyar Mulsanne, sannan a taka shi daga gudun sama da kilomita 300. Wannan zafi da sanyi shi ke tsaga faifan birki. Jaguar ta ci 1953 da birki mai faifai lokacin da sauran ke fama da na ganga, Ford kuma a 1966 ta ƙera birkinta yadda za a cire faifai a sa sabo cikin ɗan lokaci. Tun 1990 an sa karkata biyu a miƙaƙƙiyar, bayan motar wata tawagar Faransa mai suna WM ta kai gudun kilomita 405 a awa a 1988, wato an ƙara wuraren taka birki mai ƙarfi biyu a kowane zagaye. A auna kaurin faifai da safiyar Lahadi, in za a sauya a yi lokacin motar tsaro.

Giyabos kuwa hawa kan dakalin kwana da gaggawar sauya giya ke kashe shi. Direba ya ji sabon sauti ya faɗa nan take. A 1988 Jan Lammers ya ji giyar Jaguar ta fara ba da matsala, ya bar ta a giya ta huɗu bai sake taɓawa ba har ya ƙetare layi.

Haɗari mafi yawa wajen wuce ƙananan motoci yake. Motoci 62 ne a aji uku, kuma babbar mota tana ba motar ajin GT, wato masu siffar motocin kasuwa, rata ta kusan rabin minti a kowane zagaye. A 2011 Audi ta rasa motoci biyu cikin uku a wajen wuce irin waɗannan. A wuce a miƙaƙƙiya. Bin bayan ƙaramar mota a jerin kwanonin da ake kira Porsche daƙiƙa biyu ko uku zai ci, ba zai kai gyaran ƙafa ba.

In mota ta mutu a hanya, direba kaɗai ke da ikon taɓa ta, da kayan aikin da ke cikinta, kuma in ya yi nisa da ita fiye da mita 10 an ɗauka ya janye. Makanikai sai dai su ba shi shawara daga bayan shinge. Don haka a koya wa direbobin uku buɗe murfin inji da sake tayar da lantarkin mota tun kafin ranar.

Idan aka yi haɗari, ana iya kafa yankin rage gudu inda ba a wuce kilomita 80, ko a fito da motar tsaro. Shan mai a wannan lokaci ya fi araha, tunda abokan hamayya ma ba gudu suke yi ba. A tanadi lissafin "in an rage gudu yanzu, mu shigo ko mu wuce" a kowane zagaye, don daƙiƙu kaɗan ake da su na yanke shawara.

Awa ta ƙarshe

Kafin a sa mota a jerin waɗanda suka gama, sai ta yi kashi 70 cikin ɗari na nisan zakara, ta kuma ƙetare layi da ƙafarta. A 1977 fistin ɗin Porsche 936 ya huje tana gaba da rata mai yawa. Makanikai suka kashe silinda ɗin, suka jira agogo, suka ɗaure wa Jürgen Barth agogo a sitiyari ya lallaɓa zagaye biyu da silinda biyar. A 2016 Toyota mai lamba 5 tana gaba, saura 'yan mintoci, mahaɗin tiyon iska na turbo ya saki. Kazuki Nakajima ya samu ta tashi, amma zagayen ƙarshe ya ci kusan minti 12, doka kuwa minti 6 ta yarda. Ko a jeri ba a sa ta ba.

Bayan an kaɗa tutar kammala tsere akwai bincike. A 2019 an ƙwace nasarar GTE Am, ɗaya daga ajujuwan GT na lokacin, daga wata Ford GT saboda tankinta ya ɗauki lita 96.1 maimakon 96. A 2025 an cire Ferrari mai lamba 50 daga matsayi na huɗu saboda kusoshi huɗu sun ɓace daga maɗaurin fiffikenta na baya. A auna tanki a bar 'yar rata a ƙasa da iyaka tun kafin tsere, kuma a tsayawa biyu na ƙarshe a sa makanike ɗaya ya zagaya mota da ido, ya girgiza fiffike da hannu.