Yadda Ake Neman Takardun Hukuma Daga Ƙaramar Hukuma

Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a ranar 28 ga Mayu, 2011, ta ba kowane mutum damar neman takardun da ke hannun hukumomin gwamnati, kuma ba ta ɗora masa wajabcin faɗin dalilinsa ba. An daɗe ana jayayya kan ko ikonta ya tsaya ne a gwamnatin tarayya kaɗai, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Afrilu na 2025 cewa ta shafi dukkan matakan gwamnati, wanda ya sa ƙananan hukumomi 774 na Najeriya suka shiga ciki.

Aikin yana farawa ne daga sanin ainihin abin da ake nema, kuma a nan ne yawancin masu nema suke tuntuɓe. Wanda ya rubuta cewa yana son sanin yadda aka kashe kuɗin ƙaramar hukuma ya buɗe wa jami'i ƙofar kauce wa tambaya. Amma wanda ya nemi kwafin takardar kwangilar rijiyar burtsatsen da aka haƙa a mazaɓarsa, da sunan kamfanin da aka bai wa aikin, da adadin kuɗin da aka amince da shi, da takardun biyan kuɗi na shekarar da ya ambata, ya tsuke hanyar zillewa. A ganina, gara buƙata ɗaya tsayayya da goma masu yawo.

A rubuta wasiƙar zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, a ambaci sunan dokar tun a kanta, a sa kwanan wata da adireshi da lambar waya. Sannan a yi kwafi biyu, a kai sakatariya da hannu, kada a bar wurin sai ma'aikacin da ya karɓa ya buga hatimi a kan kwafin mai nema, ya sa hannu da kwanan wata. Wannan takarda mai hatimi ita ce hujjar da kotu za ta fara dubawa, domin daga ranar da ke jikinta ake soma ƙidayar wa'adi. Wanda bai iya rubutu ba, ko mai buƙata ta musamman, yana iya wakilta wani, kuma idan an gabatar da buƙata da baki, wajibi ne jami'in ya rubuta ta ya ba mai ita kwafi.

Hukuma tana da kwana 7 ta ba da amsa, tana iya ƙara wasu da ba su wuce 7 ba idan takardun suna da yawa, matuƙar ta sanar a rubuce. Kuɗin kwafi da na juyar rubutu kaɗai aka yarda ta karɓa.

Akwai abin da doka ta yarda a riƙe, kamar sirrin tsaron ƙasa, da binciken laifi, da bayanan rayuwar mutum ta ƙashin kansa, sai dai dole ne a bayyana dalilin ƙi a rubuce tare da sashen dokar da aka dogara da shi. Idan wa'adi ya cika aka yi shiru, doka ta ɗauki shirun a matsayin ƙi, kuma mai nema yana da kwana 30 ya garzaya Babbar Kotu. Jami'i ko hukumar da aka samu da laifin hana bayani ba bisa ƙa'ida ba za ta biya tarar naira 500,000, wanda kuwa ya lalata ko ya sauya takarda da gangan yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 1 ba.