Yadda ake shimfiɗa abin tare zafi a bangon injin tsohuwar Fijo 504

Duk wanda ya taɓa tuƙa 504 daga Kaduna zuwa Kano a watan Afrilu ya san inda zafi yake fara cin mutum: tafin ƙafa. Kafin a kai Zariya totur ya zama kamar murfin tukunya. Laifin na bangon ƙarfen nan ne da ya raba ɗakin injin da cikin mota. Daga masana'anta an lulluɓe shi da abin tare zafi da ƙara, amma motar da ta fara fitowa a Faransa a 1968, aka shiga haɗa ta a Kaduna a shekarun 1970, yawancin waɗanda suka rage yau wannan shimfiɗar ta ruɓe, ko wani makanike ya yage ta ya jefar lokacin da yake neman wata waya.

Lokacin yin aikin shi ne sa'ad da aka sauke injin, aka cire dashbod don fenti. In ka bari sai an mayar da komai, za ka yi shi kwance a ƙasan sitiyari, wuya a karkace, kuma ba zai yi kyau ba.

Da farko cire kan batir, na nagetif. Sannan ɗauki wayarka ka yi hoton bangon ciki da waje, kowace waya da inda ta ratsa, igiyar totur, ta sifidomita, sandar sitiyari, bututun hita in motarka tana da shi. Liƙa wa kowace ƴar takarda da suna. Bayan sati uku ba wanda ke tuna wace ce ta bi wane rami.

Tsohuwar shimfiɗar a cire ta a hankali, kada a yayyaga, domin ita ce ma'aunin yanka sabuwa. Sa takunkumi da safar hannu, ka yayyafa mata ruwa kafin ka taɓa. Wasu tsofaffin motoci an yi amfani da asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da ke jure zafi, a wuraren zafi, ƙurarsa kuwa tana lalata huhu, saboda haka ba a kaɗe ta da iskar kwamfuresa.

Yanzu aka zo wurin da aikin yake. Abin da ke ƙarƙashin shimfiɗar nan kusan kullum tsatsa ce. Tsohuwar irin ta zaren buhu ce, tana shan ruwa ta riƙe kamar soso. Ruwan kuwa daga wuri biyu yake zuwa: robar gilashin gaba da ta bushe ta tsage, da magudanar da ke ƙasan gilashin in ganye da ƙasa sun toshe ta. Akwai na uku, man birki. In tukunyar birki ko ta kuloci tana yoyo, man yana gangarowa ta bayan feda, ya cinye fenti, ya bar ƙarfe tsirara. Duba wurin da kyau. Ɗauki sukudireba ka riƙa dannawa a kusurwoyin ƙasa inda bango ya haɗu da daɓen mota. In ta shige, sai mai walda. A yanke ruɓaɓɓen a sa sabon ƙarfe. Na taɓa sayen wata mota da aka liƙe mata sabuwar shimfiɗa mai sheƙi, gwanin kyau. Da na ɗaga gefe ɗaya sai ga rami wanda hannuna ya shige, an cusa tsumma an shafe da foti, kwaɓin nan da ake cike lotsawar bodi da shi. In tsatsar ta sama ce kawai, burushin ƙarfe da samfefa sun isa har ƙarfen ya yi fari, a shafa fentin hana tsatsa, a bi da fenti, a bar shi ya bushe sarai. Kwana biyu ba asara ba ce.

Sai ramuka. Duk ramin da ba a amfani da shi a toshe, duk wanda waya ta ratsa a sa masa sabuwar robar zobe. Rami ɗaya mai faɗin yatsa yana shigo da zafi da ƙara da ƙurar hunturu fiye da yadda kake zato, ga hayaƙin salansa wanda ba a ganinsa amma yana sa barci a kan hanya. Robar kuma tana hana bakin ƙarfe yanke waya ya haddasa gobara.

Kayan shimfiɗar iri uku ne. Na farko faranti ne na roba mai danƙo da ake kira butil, fuskarsa ɗaya alminiyam. Aikinsa kashe kaɗawar ƙarfe. Kada a yaudare ka da irin na kwalta da ake liƙe rufin kwano da shi. Ya fi araha, amma da rana ta buɗe zai yi laushi ya zame, motar ta cika da warin titi. Na biyu soso ne wanda ba ya shan ruwa, mai kaurin milimita 6 zuwa 10; shi ke tare zafin. Soson katifa ba ya cikin lissafi, yana jiƙa kuma yana kama wuta. Na uku na ɓangaren injin ne, audugar gilashi mai fuskar alminiyam.

Yi ma'auni da kwali, ka gwada a jikin bangon, ka huda duk ramukan kafin ka taɓa kayan tsada. Goge ƙarfen da tina, wato ruwan tsinka fenti, har tsumma ya daina ɗaukar datti, don gam ba ya kama maiƙo. Yanka butil ƙanana-ƙanana, kamar faɗin littafin makaranta, ka ɓare takardar baya kaɗan-kaɗan kana dannewa daga tsakiya zuwa gefe. Abin murzawa mai ƴar taya ya fi, in babu, ƙotar sukudireba ta wadatar. Murza har zanen da ke jikin alminiyam ɗin ya kwanta. Duk inda iska ta maƙale nan raɓa za ta taru. In da sanyin safiya ne, shanya farantin a rana minti goma ya yi laushi. Ba dole butil ya rufe ko'ina ba, manyan filayen da ke amsa kuwwa in ka ƙwanƙwasa su ne muhimmai. Soson ne ake so ya rufe daga gefe zuwa gefe, a haɗe bakunansa da salatif na alminiyam.

A ɓangaren injin, fuskar mai sheƙi ta kalli injin, kuma kada ta taɓa bututun salansa. Bar tazarar yatsu biyu. Gam kaɗai ba ya riƙewa a nan, a ƙara da kusoshi masu faffaɗan washa. Kada ka rufe lambar shasi, ko ramukan zubar ruwa, ko inda wayar at, wato ta nagetif, ke ɗaure da bodi.

Kafin ka mayar da dashbod, zauna ka taka kuloci da birki da totur har ƙasa, kowanne sau goma, ka juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe. In wani ya goga soso, rage wurin da reza. Totur da ke maƙalewa ba abin wasa ba ne. Daga nan ka watsa wa gilashin gaba bokiti biyu na ruwa, ka leƙa ƙasa da tocila. In ka ga ɗigo, koma kan robar gilashin tukuna. Kafet ya jira.