Yadda na gyara tsallen Tab tsakanin fom-fom a Access

Na tsara wa akawun wani dilan albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas rumbun lissafi da Microsoft Access: babban fom na mai saye, a cikinsa fom na rasit, a cikin rasit kuma fom na buhuna. Da zarar maɓallin Tab, mai tsallakawa daga akwati zuwa akwati, ya shiga na buhuna, shi ke nan, ba ya fitowa, sai ya yi ta zagaye. Wanda masu saye suka yi wa layi tun asuba ba shi da lokacin laluben linzami.

Ctrl+Tab na fitar da mutum, amma hawa ɗaya kacal.

Sai na mayar da KeyPreview na fom ɗin buhuna zuwa Yes, domin fom ɗin ya riga akwatunansa jin maɓallin da aka danna. A KeyDown, inda ake rubuta abin da zai faru idan an danna maɓalli, na sa sharaɗi: idan KeyCode 9 ne, wato Tab, kuma sabon layi ne da ba a rubuta komai ba, a kira Me.Parent.Parent!Biya.SetFocus, wato a haura hawa biyu zuwa wurin da na sa wa suna Biya a babban fom, sannan KeyCode ya koma 0. Sifilin nan na da muhimmanci, in babu shi Tab zai ƙara tsalle.

Shiga ciki kuwa hawa-hawa ake yi: SetFocus a kan rasit, sai buhuna, sannan akwatin da ake so.