Yadda ake atisaye biyar na Tibet ba tare da an ji wa kai ciwo ba

A shekarar 1939, a Amurka, wani mai suna Peter Kelder ya fitar da ɗan littafi, The Eye of Revelation. A ciki ya ba da labarin wani tsohon kanar ɗin sojan Birtaniya da ya kira Bradford, wanda wai ya tafi gidan sufayen addinin Buddha a tsaunukan Himalaya yana dogara sanda, ya dawo a miƙe kamar saurayi. Sirrin, in ji littafin, atisaye biyar ne da ake yi kullum. Da aka sake buga shi a 1985 sai abin ya bazu a Amurka da Turai. Masu nazari na jayayya kan asalinsa har yau, domin mutanen Tibet, yankin da ke waɗannan tsaunuka, suna da tasu yogar, wato tsarin motsa jiki da numfashi, mai suna trul khor, wadda ta fi wannan yawa da wuya.

Ni dai labarin kanar bai shige ni ba. Furfura ba ta komawa baƙa don an yi juyi a tsakar ɗaki. Amma atisayen na ƙarfafa ciki da baya da kafaɗu, yana sakin gaɓoɓi, kuma nan ne tsufa ke fara kama mutum, ranar da tashi daga tabarma ya zama sai an dafa gwiwa. Babu wani karatu ko kiran wani abin bauta a ciki, motsi ne da numfashi kawai.

Ka samu wuri mai fili, ka shimfiɗa bargo a kan tabarma. Da safe ya fi, kafin karin kumallo. Kowane motsi ka fara da sau 3, duk mako ka ƙara 2, a mako na goma ka kai 21, inda ake tsayawa.

Na farko juyi ne. Ka miƙe tsaye, ka buɗe hannuwa daidai kafaɗa, tafukan na kallon ƙasa, ka riƙa juyawa ta ɓangaren damanka, yadda hannun agogo ke tafiya. Ranar da na fara, na raina abin, na ce ai wasan yara ne, na zuba juyi 21 a jere. Ban ankara ba sai ga ni zaune cikin kwandon wanki, ɗaki na ta yawo da ni. Tun daga nan na koyi dabarar: in ka tsaya, ka ware ƙafafu, ka haɗa tafukan hannu a gaban fuska, ka kafa wa manyan yatsunka ido har jirin ya lafa.

Na biyu, ka kwanta rigingine, hannuwa a gefen jiki, tafukan a ƙasa. Kana jan numfashi ka ɗaga kai har haɓa ta taɓa ƙirji, ka ɗaga ƙafafu biyu a miƙe har su kalli rufi. Sannan ka sauke kai da ƙafafu tare kana fesar da numfashi. A saukewar aikin yake. Wanda ya saki ƙafafu suka faɗo tim bai yi komai ba. In ka ji gadon bayanka na ɗagowa daga tabarma, ka ɗan lanƙwasa gwiwa har ciki ya yi ƙwari.

Na uku, ka durƙusa a kan gwiwoyi, jiki a miƙe, yatsun ƙafa a kafe a ƙasa, hannuwa riƙe da bayan cinya. Ka sunkuyar da kai, sannan ka ja numfashi ka mayar da kai baya kana turo ƙirji gaba, ka dawo kana fesarwa. Daga ƙirji lanƙwasar za ta fito, kada ka karya ƙugu. Tela da direba da mai wuni gaban kwamfuta za su fi kowa jin daɗin wannan.

Na huɗu shi ne mai ba mutane kashi. Ka zauna ka miƙe ƙafafu, tazarar kamar santimita 30 a tsakaninsu, tafukan hannu a ƙasa kusa da ƙugu, yatsu na kallon gaba. Haɓa a ƙirji. Sai ka ja numfashi, ka mayar da kai baya a hankali, ka ɗaga ƙugu sama gwiwoyi na lanƙwashewa, har daga kafaɗa zuwa gwiwa ya shimfiɗe kamar tebur, hannuwa da ƙwauri su ne ƙafafunsa. Ka ɗaure duk jikinka na ɗan lokaci, ka koma zaune. Makonnin farko ƙugu ba zai hau sosai ba, wuyan hannu kuma zai yi tsami. Ka ɗaga iya inda ya kai, gobe ma rana ce.

Na biyar, ka kifa a kan tafukan hannu da yatsun ƙafa, hannuwa a miƙe, ƙugu ya sauko amma gwiwa ba ta taɓa ƙasa ba, kai na kallon sama. Kana jan numfashi ka tura ƙugu sama har jiki ya yi kamar rufin bukka, haɓa a ƙirji, sannan ka sauko kana fesarwa. Tsakanin kowane motsi da na gaba ka miƙe, hannu a ƙugu, ka yi dogon numfashi sau biyu.

In ka kai 21, duka biyar ɗin ba sa wuce minti 15. Mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko hawan jinin ido, ko gwaiwa, da mai juna biyu, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, su fara ganin likita tukuna, musamman saboda na farko da na biyar. In kuma ka yi fashin mako guda, kada ka ɗora daga inda ka tsaya, ka rage huɗu ko shida ka sake hawa.