Yadda ake mayar da saniyar roba Bunaji a ƙaramin layin dogo

Mai ƙera ƙaramin samfurin tashar jirgin ƙasan Zariya ba zai rasa lodin shanu a ciki ba, domin a da an daɗe ana kai shanun Arewa Legas a tarago. Matsalar ita ce shanun roba da kamfanonin Preiser da Noch ke yi na Turai ne: ƙiba, gajeren ƙaho, babu tozo. Sai an yi musu aiki.

Fara da awo. A sikelin HO ana raba komai da 87. Saniyar Bunaji mai tsayin santimita 130 za ta dawo milimita 15, makiyayinta kuma kusan 20. Faɗin tsohon layin dogonmu milimita 1,067 ne, don haka layi mai milimita 12 ya dace da shi.

Da reza, rage tumbin da hantsar, ka yanke ƙahon. Huda kai da zafaffiyar allura, ka zura wayar jan ƙarfe mai kaurin rabin milimita, irin ta tsohon koyil ɗin fanka, ta ratsa daga gefe zuwa gefe. Waya ɗaya tak, domin guntaye biyu suna zubewa da an taɓa su. Bar milimita 8 kowane gefe, ka lanƙwasa waje sannan sama, ka goge bakin ya yi tsini. Ƙahon Rahaji ya fi haka tsawo, Bokolo kuwa ɗan toho kawai.

Tozo shi ne aikin. Kwaɓa Milliput (wani ƙulli da ke taurarewa bayan an kwaɓa shi) kamar ƙwayar dawa, ka ɗora daidai kan kafaɗa, ka shafe gefensa da jiƙaƙƙen tsinken sakace. In ya matsa baya, raƙumi ka yi. Tozon bijimi ya fi na saniya girma, yana ɗan kwantawa baya. Fatar da ke reto a wuya kuma, siririyar takarda da aka jiƙa da sufagulu ta isa.

Wanke da sabulu kafin fenti, in ba haka ba zai ɓare. Kada ka shafa fari fat. Sirka shi da ɗigon fenti ruwan ƙasa, ka sa baƙi a kunne, hanci, kofato da bakin wutsiya. Fenti mai sheƙi na lalata aikin.

Ƙasan wurin lodi, tankaɗe jar ƙasa busasshiya ka kafe ta da gam ɗin kafinta, rabi gam rabi ruwa. Cunkusa shanun, wasu kai ƙasa, makiyayi da malafa da sanda a bayansu.