Yadda Za a Samu Farin Ciki a Makonnin Jiran Kirsimeti

A Gombe, da zarar hazo ya sauka, teloli kuma sun fara kwana a kan keke, kowa ya san Kirsimeti ta ƙarato. Amma kafin ranar akwai lokacin da ikilisiya ta keɓe domin jiran zuwan Almasihu, wanda ake kira Adbent. Yana somawa ne a Lahadi ta huɗu kafin 25 ga Disamba, wato tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. A cocin Katolika firist yakan sa tufa mai launin shunayya, a wurare da dama kuma ana kunna kyandir huɗu, ɗaya a kowace Lahadi. Ko da cocinku ba ya bin wannan al'ada, babu abin da zai hana ku kiyaye makonnin a gida.

Ku fara da karatu. Bisharar Luka tana da sura 24, saboda haka idan iyali suka ɗauki sura ɗaya kowane dare daga 1 ga Disamba, za su kammala ta a jajibirin Kirsimeti. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan tuwon dare, sa'ad da sanyi ya riga ya kora kowa cikin ɗaki. Ku miƙa wa yaro littafin ya karanta, ko da zai yi ta tuntuɓe a kan sunan Zakariya da Alisabatu, sannan a rera waƙa ɗaya, a yi addu'a.

Abin da ya fi cinye murnar Disamba shi ne bashi. Na ga gidajen da aka ci bashin ɗinki da shinkafa da kaji, sai Janairu ya zo da kuɗin makaranta, maigida ya koma ɓoye wa mai shago. Tun makon farko, miji da mata su zauna su ƙayyade abin da za su iya kashewa, su kuma faɗa wa yara gaskiya cikin taushin murya. Lahadi ta uku ita ce ake kira Lahadin murna, ranar da ake kunna kyandir mai ruwan hoda, sunan kuwa ya fito ne daga Filibiyawa 4:4, inda Bulus ya umarci masu bi su yi farin ciki cikin Ubangiji kullum. A kurkuku yake lokacin da ya rubuta wannan, kuma duk shekarar da aljihuna ya yi rauni nakan tuna da hakan, zuciyata ta kwanta.

Daga nan sai a duba maƙwabta. A Luka 3:11 Yahaya Mai Baftisma ya ce mai riga biyu ya ba marar riga, mai abinci ma ya yi haka. A hunturu wannan magana ba ta bukatar dogon sharhi: rigar sanyin da ta yi wa ɗanku kaɗan, bargo, ko mudu biyu na masara daga sabon girbi. Ku kai wa matar da mijinta ya rasu da kanku, ku zauna ku gaisa sosai, ba tare da sanarwa a coci ba.

Idan akwai ɗan'uwan da kuka daina magana da shi, kada ku bari sai kun haɗu a Kaltungo ko Billiri ranar biki, cikin taron dangi. Ku kira shi tun yanzu, ko ku nemi wani dattijo ya shiga tsakani. Sa'ad da kuke lissafin kwanukan da za a raba ranar Kirsimeti kuma, ku sa har da na maƙwabcin da ya aiko muku da naman layya.