Darasi na 9: Idan Karen Gida Ya Ciji Mutum

A ƙauyukanmu kare ba baƙo ba ne. Mafarauci na da nasa, mai garke na da nasa, wani kuma ya ajiye don gadin gida. Shi ya sa in ya ciji yaro sai ka ji ana cewa, "Ai karen gidan Malam ne, mun san shi, lafiyarsa ƙalau." Kada a saki jiki da wannan magana. Kare kan ɗauki ƙwayar ciwon hauka a yawunsa kwanaki kafin a ga alama a jikinsa.

Abu na farko, ruwa da sabulu. Ba lokacin neman mai kare ba ne, balle cacar baki. A zaunar da yaron, mutum ɗaya yana tsiyayo ruwa daga buta, ɗaya yana wanke ciwon da sabulu, ko da na wanki ne. Minti 15 cur, a duba agogon waya. Buta ɗaya ba za ta isa ba, a sa wani ya riƙa cikowa. Yaro zai yi ta ihu, uwa za ta ce a ƙyale shi haka, amma a daure, don wankin nan shi ke fitar da yawun. In akwai aidin a shafa. Ban da toka, ban da ƙasa, ban da ƙonannen gashin karen da wasu ke barbaɗawa. Kada kuma a ɗaure wurin tamau, sai dai in jini ya ƙi tsayawa, a danne da tsumma mai tsabta.

Daga nan sai asibiti, a ranar, ko da ƙarzane ne kawai. In ƙaramin asibitin ƙauye ba shi da allurar haukan kare, a wuce babban asibiti, irin na Wudil, Bichi, Ringim ko Hadeja. Allurar ba ɗaya ba ce: ana yin ta ranar farko, a koma bayan kwana 3, da 7, da 14, wani lokaci har da 28. A rubuta ranakun a bango. Wurin cizon zai warke tun kafin a gama, kuma a nan mutane ke yin sake. Cutar takan kwanta wata 2 zuwa 3, in ta tashi mutum ya fara tsoron ruwa, da wuya ƙwarai ya rayu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, da yawansu yara ne.

Karen fa? Kada matasa su bi shi da sanduna. A ɗaure shi kwana 10, ana ba shi abinci da ruwa daga nesa, a sanar da malamin dabbobi. In ya mutu ko ya canza hali, a gaya wa asibiti nan take. Ba a jiran kwana 10 ɗin kafin a fara allura.

Maganar kuɗin magani a kai ta gaban mai unguwa bayan an dawo. Mai kare kuma ya sani ana yi wa kare rigakafi tun yana wata 3, a maimaita duk shekara.

Aikin gida: Rubuta sunan asibitin da ya fi kusa da garinku, ka tambayo ko suna da allurar, da nawa ake biya.